Jarkar Teku a Ƙofar Ruwa

Tasi'u direba ne ya kawo mini teku
a jarka mai ruwan ɗorawa, a bayan tirela,
tsakanin tayar safaya da buhun garin kwaki.
Ya ce, "A Ikko na ɗebo, har wandona ya jiƙe.
Me za ki yi da ruwan da ko jaki ba ya sha?"
Na ce siminti zan ba wa, in ji abin da zai ce.

Ban taɓa ganin teku ba.
Iyakacin ruwana Tiga,
sai Jakara in ta cika ta kawo wari.
Na buɗe murfin, na dangwala, na lasa.
Ba ɗacin kanwa ba ne,
ɗaci ne da ya sha hanya.

Babana, Malam Ɗanliti,
shekara talatin yana buga bulo a Ƙofar Ruwa.
Shi ya fara gaya mini siminti ba bushewa yake ba,
sha yake yi,
ruwan ya shige shi ya zama ƙashinsa.
Shi ya sa yake tashi ban-ruwa kafin kiran assalatu.
Ni a makaranta sunaye kawai aka ba ni
na abin da tafin hannunsa ya daɗe da sani.

Na kwaɓa gida biyu a ɗakin gwaji,
ɗaya da ruwan burtsatse, ɗaya da baƙon.
Na baƙon ya riga ɗaukar ɗumi,
kamar goshin yaro da zazzaɓi ya kama,
kafin la'asar ya ƙi karɓar farcena.
Kwana uku, injin matsa ya sha wuya kafin ya fasa shi.
Kwana bakwai, yana gaba.
A ashirin da takwas suka jera kafaɗa.
A kwana casa'in, na burtsatse ya wuce
bai ko waiwayo ba.
Sauri ya haifi nawa, a kan teburina, da lambobi.

Na ɓantari ɗan ƙwaya na sa a ƙarƙashin madubi.
Ashe gari ne a ciki.
Lunguna, kamar bayan Kurmi,
wani ya ɓulle, wani ya mutu a jikin katanga.
Allurai sun tsiro cunkus, tsinin kowace na neman wuri.
Ga wasu faya-fayai masu kusurwa shida
sun kama gishiri sun kulle a cikinsu.
Sai dai ba duka suka kama ba.
Saura na yawo a ruwan lungu,
ba ya barci, ba ya gaggawa,
rodi yake tambaya.
Ran da ya same shi, tsatsa za ta kumbura,
ta tura bango daga ciki.

Ran Asabar na kai wa Baba gutsuren a leda.
Ya juya shi, ya kankare farin da ya feso a bayansa,
ya kai harshe.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Wannan ai zartsi ne, Barira.
Sai da kika aika Ikko?
Akwai rijiya a Kurna,
na hana wani Alhaji zuba dakin da ruwanta, ya ƙi.
Je ki yau ki ɗaga kai,
haƙarƙarin gidan duk a waje."

Ya miƙo mini gutsuren, ya koma kan shebur.
"Bulo zalla zai iya zama da shi.
Kada dai ki haɗa shi da ƙarfe."

Na rubuta shafi sittin.
Nasa bai cika layi biyu ba.

Rabin tekun na nan a ƙarƙashin teburina.
Inna na son jarkar, za ta zuba man gyaɗa,
kullum sai ta tambaya.
Ni kuwa na rasa inda ake zubar da teku a Kano.
A kwata, kunya nake ji.
A gindin dalbejiya, zai kashe ta.
Wani lokaci in kowa ya tashi
nakan girgiza jarkar, in kara kunne.