Birkin Litinin

Tun Laraba motata ke kuka a gangara,
ƙarfe na cizon ƙarfe,
har mai kifin kwanarmu ya daina ɗaga mini hannu,
sai toshe kunne.

A Valparaíso babu titin da ya kwanta,
kowanne gangarawa yake zuwa teku.

Don Eleuterio ya kwance tayar gaba,
ya bi faifan birki da farce,
ya nuna mini zanen da shekara shida ta sassaƙa.
Ya dire kwali biyu a benci.

Wannan takalmin na filin tsere ne,
ba ya kamawa sai ya ɗau zafi,
da sanyin asuba kurma ne.
Wancan na tangaran, shiru-shiru,
ba ya baƙanta taya.

Ni idona na kan faifai mai huji-huji
da ke ƙyalli a bango.
Ya ce, "Ximena, sau nawa kika yi tsere bana?"
Na ce ɗaya.
"Sau nawa kika tsaya wa ɗan makaranta?"

Ja ce motar, kujera biyu, rurin damisa,
amma asibiti take kai ni ƙarfe shida,
titi jiƙe da raɓa.

Na ɗauki faifai sumul da na tangaran.
Ya ce in taka a hankali sau goma,
su san juna tukuna.

Yau na gangaro.
Ƙafata ta yi raɗa, motar ta ji.
Mai kifi ko ɗagowa bai yi ba.