Ƙarfen Sheffield

Kwalin ya iso ranar Talata, ana yayyafi.
Na juya shi sau uku a hannu
ina duba ko wani ya riga ni ɓalle bakinsa.
Hatimin na nan, ba a taɓa ba.
A ciki, ɗan abu baƙi, bai kai kwalin ashana ba,
wai shi ne lalitata.
Guminta na shekara shida a gidan kula da tsofaffi,
juya marasa lafiya, wanke zani, kwanan tsaye,
duk zai shige nan ya zauna shiru.

Na ja labule. Na kife waya a kan firji.
Na'urar ta fara tofo kalmomi ɗaya bayan ɗaya,
ashirin da huɗu, babu wadda ta san 'yar'uwarta,
kamar fasinjojin motar dare.
Na rubuta da fensir.
Ban ɗauki hoto ba, hoto yana da ƙafa.
Ban karanta a fili ba, bango ma ban yarda da shi ba.

Amma takarda abokiyar wuta ce,
kuma rufin gidan nan yana ɗiga tun bara.
Sai na sayo farantin ƙarfe.
Garin nan da ƙarfe ya yi suna,
to ga nawa rabon:
ni da guduma a ɗakin girki, ƙarfe ɗayan dare,
harafi, ƙwal, harafi, ƙwal,
har tsohuwar da ke sama ta buga ƙasa da sandarta.

Bayan sati biyu wani ya kira.
Murya mai laushi kamar man shanu a rana.
Ya ce, Mista Tukur, asusunka na cikin haɗari,
karanto mini kalmomin in tsare maka.
Na ce, bawan Allah,
yaushe aka fara bai wa kura ajiyar nama?
Ya kashe.
Hannuna kuwa bai daina rawa ba sai bayan la'asar,
don na kusa. Wallahi na kusa.
Ta farko ta riga ta hau harshena.

Barira ce ta yi tambayar da ta fi wannan nauyi.
Tana ninke kayan Nusaiba, ba ta ko ɗago ba:
In ka faɗi a bakin aiki fa?
Wa ya san inda ka sa?

Sai kakana ya faɗo mini a rai.
Malam Gambo, mai awon gyaɗa,
wanda ya tara sulalla cikin tulu
ya binne a wani wuri tsakanin rumbu da tsamiya.
Ya rasu da asuba, bakinsa a rufe.
Shekara uku baffannina suna haƙa.
Sun sami tsohuwar fartanya, sun sami gidan gara.
Tsamiyar ma yanzu an sare ta.

Ashe ɓoyo iri biyu ne.
Akwai wanda ke korar ɓarawo,
akwai wanda ke korar magaji.

Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Leeds
da ambulan a aljihun ƙirji,
na miƙa wa yayata Uwani, a liƙe.
Babu kalmomin a ciki, sai kwatancen inda suke.
Ta ce, mene ne wannan?
Na ce, ki buɗe ranar da ba na nan.
Ta harare ni, ta tura shi ƙarƙashin akwatin auren ta.

Da dare na zaunar da Barira gaban na'urar.
Ta danna lambar sirri, ta yi kuskure,
na ce a hankali, kurakuran ƙidaya gare su.
Ta sake. Allon ya buɗe.
Ta daɗe tana kallon ɗan hasken nan,
sannan ta ce, shi ke nan duka?
Na ce, shi ke nan.
Ta ce, to, tashi ka sa bokiti,
rufin ya fara ɗiga.