Launin Da Gona Ba Ta Da Shi

Shekara talatin da ɗoriya na yi a birni
ina saɓa jakar wasu, ina bin sawunsu.
Su buga, ni in duba.
Aikina ke nan: ido.
Da na dawo Kiyawa, abin da na riƙo
sanda ɗaya mai lanƙwasasshen kai
da ƙwallo bakwai a cikin tsohuwar safa.

Da aka kwashe amfani, gonar Jatau ta zama filina.
Na haƙa rami a gindin gawo,
na kafa kara, na ɗaura masa tsumma.
Masu wucewa kasuwa suka ce tsufa ya soma.
Na ce su gaida gida.

Farar na fara bugawa.
Ta tashi kamar an kira sunanta,
ta sauka inda balbela ke bin shanu.
Gashi fari, toka fara, ɓawon gyaɗa,
guntun auduga maƙale a ƙaya,
kowa ya ɗaga hannu ya ce shi ne.
Bayan kwana uku sai ga ta ƙarƙashin kazar Uwale,
ana ɗumama ta tare da ƙwai tara.
Ban yi jayayya da mai kwanci ba.

Na ce to, mai ruwan ɗorawa.
A birni ita ce gimbiya bisa ciyawar da ake ba ruwa,
nan kuwa rani ya riga ya rina komai da launinta,
kara da harawa da ƙaiƙayi.
Ta shige cikin danginta, ko waiwaye.

Mai gyaran keke ya sam mini jan fenti.
Na manta ƙasarmu gargari ce.
Ja ta faɗa kan ja,
kamar an zuba gishiri a rijiya.

Ta huɗu na kai wa Mati marini.
Ya juya ta a tafinsa, ya ce, wannan ƙwan wane tsuntsu ne?
Ya tsoma a karofi don kada in ce ya ƙi.
Ta fito da duhun shuni,
inuwar farko da ta tarar ta haɗiye ta,
na wuni ina tsintar kashin jaki.

Saura uku.
Na zauna a dakali ina lissafi kamar mai bashi.

Ladidi, jikata, ta ajiye tulu ta ce,
Kaka, sai zaɓen launin da kake so kake yi,
ba ka tambayi gona wanne ne ba ta da shi ba.
Ta ciro 'yar kwalba daga bakin zani,
jan farcen da ta sayo a Shuwarin,
ruwan hoda mai ihu,
irin wanda ko a hula ba zan yarda da shi ba.
Ta shafe ƙwallon tsaf, tana hura mata iska.

Na ce, ƙuduji fa? Furensa haka yake.
Ta ce, ran da ƙuduji ya yi fure
Jatau zai bar ka ka taka masa dawa?

Da la'asar na gyara tsayuwa, na buga.
Ƙarar ta yi daɗi, irin wadda hannu ke sani kafin kunne.

Bari in faɗi abin da ban faɗa wa Mati ba,
ban faɗa wa mai keke ba:
tun bara yana ta sauko mini a idon dama,
na hagu ma ya fara karɓar baƙuwar.
In abu ya wuce taki arba'in,
fari da ja da shuɗi duk uwarsu ɗaya.

Sai na ji ƙafafu suna karya kara,
can wajen gawo murya ta tashi:
Ga ta! Kaka, ga ta, saura taki biyu!

Na saɓa sandata da kaina,
na bi sawun mai ido.