Ƙofa a Buɗe

A wani gidan cin abinci a Alfama,
inda titin Lisbon ke hawa yana haki,
kafin a kunna fitilu,
Ermelinda ta shimfiɗa takarda
gefen farantin kifin da ya huce.

Baiti ɗaya ya tsaya mata a maƙogwaro:
"Na bar ƙofa a buɗe."

Ta ce, mace ce take jira,
mijinta na teku, shekara ta uku ke nan.
Sai ta ja kalmar ƙarshe
har numfashi ya kusa yankewa,
kamar mai tokare ƙyaure da ƙafa
kada iska ta rufe.

Teotónio, mai gita mai tsirkiya goma sha biyu,
bai ko ɗago kai ba.
Ya ce, a'a, wanda ya fita ne ke magana.
Waiwaye bai yi ba, balle ya ja ƙofa.
Ya daki tsirkiya gajere-gajere,
sawun takalmi yana gangara matakala.

Kwana tara suna ja-in-ja.
Ita tana shimfiɗawa, shi yana naɗewa.

Ran na goma suka je wurin Baltasar,
tsohon mai askin da ya rubuta baitin
a bayan rasit, tun gashinsa na baƙi.
Ya ajiye almakashi, ya yi dariya har da tari.
"Kyanwata ce fa ta ɓata.
Na bar mata hanya ko za ta komo."
"Ta komo?"
"Karen maƙwabta ne ya shigo."

Suka fito ba mai magana.
Taragon lantarki ya wuce yana ƙugi.

Da dare ya yi, ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa.
Ta rera jiranta,
ya kaɗa tafiyarsa,
muryar na riƙo, tsirkiyar na zillewa,
baitin ya tsaya tsakani
kamar igiyar shanya tsakanin taga biyu.

Baltasar na can lungu.
Ya goge ido da bayan hannu,
ban kuwa zaci don kyanwa ba ne.

Sanyin kogin Tejo ya fara shigowa.
Yaron da ke raba abinci ya nufi bakin ƙofa.
Wata tsohuwa mai baƙin mayafi,
wadda tun ɗazu ba ta taɓa miyarta ba,
ta kama hannun rigarsa.
Ta ce, bar ta.