Maɓalli na Shida

Ƙarfe ɗaya na dare a Gyaɗi-Gyaɗi,
janareton maƙwabci ya yi shiru, nawa yana tari,
ni da allo muna kallon-kallo.
Alhaji Sagiru na Kantin Kwari ya gaji da littafinsa mai baƙin bango,
ya ce in zuba masa shagon nan a kwamfuta:
shadda yadi nawa, atamfa turmi nawa,
wa ya biya, wa ya ce sai bayan Juma'a.

Na jera maɓallai biyar a saman taga
kamar 'yan dako a bakin layi:
Sabo, Gyara, Ajiye, Fasa, Goge.
Jerawar ba wuya.
Wuyar ita ce koya wa kowanne
lokacin miƙewa da lokacin zama.

Ajiye ba ya farkawa sai an taɓa wani abu,
me za a ajiye in hannu bai ɗauko ba?
Fasa abokin tafiyarsa ne,
tare suke haske, tare suke dushewa.
In Gyara ya shiga ɗaki, Sabo ya jira a zaure,
taura biyu ba ta taunuwa.

Da fari na watsa dokokin ko'ina kamar gero a tsakar gida,
sai Nafi'u yaron shago ya danna Ajiye sau biyu,
turmi arba'in ya wayi gari tamanin.
Kwana uku ina tsintar kuskure da ɗaiɗai.
Daga nan na tattara su wuri guda,
ƙofa ɗaya da kowane maɓalli zai tsaya ya tambaya:
wane hali ake ciki?
An zaɓi layi? Ana cikin gyara? Wa ke zaune a kujerar?

Goge kuwa na daure shi tamau.
Muddin akwai bashi a kan suna, ko na sisi,
launinsa toka, danna shi har yatsa ya gaji.

Ranar Alhamis bayan La'asar waya ta yi ƙara.
«Injiniya, abin nan naka ya lalace.»
Na hau adaidaita, na kutsa tsakanin diloli,
na tarar da shi a bene na biyu, tabarau a kan hanci,
kibiya tana kan suna guda:
Shu'aibu Tela, Yakasai. Shadda yadi goma sha biyu.

Na ce, bai lalace ba, Alhaji, akwai bashi.
Ya ce, «Na sani.
Jiya muka kai shi Dandolo.
Nauyin nake so in sauke masa.»

Fanka tana juyawa. Nafi'u ya sunkuyar da kai.

Na ce, in na kwance Goge, har sunan zai tafi,
kamar bai taɓa hawa matakalar nan ba.
Ya cire tabarau.
«Shekara ashirin da biyu yana hawanta.
Kada ka taɓa min sunan.»

A daren na koma kan allo.
Ba a koya mana wannan a aji ba,
ba shi cikin jerin da kowa ke kwafa.
Na matsar da biyar ɗin kaɗan, na yi wa na shida wuri,
na rubuta masa haruffa huɗu: Yafe.
Ba ya haske sai akwai bashi,
ba ya haske sai mai shago ne da kansa a kujerar.
Tambaya ɗaya yake yi, ba ya maimaitawa.

Da safe Alhaji ya sa manuniya ya danna.
Adadin ya koma sifili, sunan ya tsaya inda yake,
maɓallin ya koma toka,
don babu sauran abin da zai yi a layin nan.

Na naɗe wayar caji zan tafi,
sai na ga bai tashi ba.
Yana gangarawa cikin sunayen a hankali,
layi bayan layi,
maɓallin yana haske, yana dushewa, yana haske,
shayinsa yana hucewa a gefe.