Littafin Karo-karo

Ni na ɗinka rigunan farko,
kore da ratsin fari, a shagona na Tudun Jukun.
Lamba tara ta karkace, Tanimu bai damu ba,
da ita ya zura uku a Samaru.

Kowace Juma'a naira ɗari:
mai shayi, ɗan acaɓa, Ladidi mai ƙosai,
mu ɗari biyu da sha ɗaya
a littafin da ɓera ya ci gefensa.
Kulob namu ne, har bashinsa.

Sai ga Alhaji Jibo da baƙar jif,
turarensa ya riga shi shiga fili.
Ya ce fitilu, ya ce bas mai sanyi,
ya ce ciyawa irin ta talabijin.
Malam Gambo ya ce a karanta takardar tukuna,
muka ce tsufa ke damunsa.
Na dangwala babban yatsana,
har yau ina jin sanyin tawadar.

Ashe jif ta haya ce.
Kamfanin kuwa ɗaki ne a Kwangila,
kwaɗo a ƙofa, gizo-gizo ya saƙe taga.
An kai Tanimu Legas, ko sisi ba mu gani ba.
Bulo ne jibge inda raga take,
an yanka tsakiyar fili shago goma sha biyu.

Jiya Ladidi ta miƙo min naira ɗari.
Na ce, ta mece ce?
Ta ce, yau ba Juma'a ba ce?
Na hure ƙurar littafin,
na lashi yatsan nan, na buɗe sabon shafi.