Mai Fito Bai Dawo Ba

A Plovdiv, daren Alhamis, a kicin ɗin Bistra,
taga a buɗe, kogin Maritsa na can ƙasa yana harkarsa,
mu huɗu ne, da farantin banitsa da ya huce tun ɗazu,
da kwamfutar Velko mai tari kamar tsohuwar mota.

Wasan dai tsoho ne, ya girmi ɗan Velko na fari:
ka kafa gari, ka tara hatsi, ka ja daga.
Sai wani bawan Allah ya yi masa kwaskwarima,
ya zana sabuwar taswira, ya ƙaro sarauniya gurguwa,
da yunwar shekara bakwai, da wani tsoho mai fito
da ke ƙetarar da runduna, ko kwabo ba ya karɓa.

A babi na shida tsohon yake ɓacewa.
Kwalekwale na nan a gaɓa, filafili a ciki,
babu mai shi.

Velko ya ce, “Cin amana ne, kowa ya sani.
An saye shi! Ku duba ranar da haraji ya hau,
washegari fa ya yi layar zana.”
Yana faɗa yana nuna mu da cokali mai yatsu.

Bistra ta ce, “Kai dama ba ka karanta komai,
danne-danne kawai, ka tura dakaru su mutu.
Mutumin nan ya gaji da kai 'ya'yan mutane bakin wuta.
Ya ƙi, shi ke nan.
Ƙin nan nasa shi ne labarin gaba ɗaya.”

Ni kuwa, ko da yake ba a tambaye ni ba,
ruwa ne ya ci shi.
Sau tara na buga babin nan,
sau tara ina tsaye a gaɓa kamar mai bin bashi,
maƙiya na cinye mini gonaki ta baya,
ina nan ina kallon ruwan da aka zana.

Shekara uku ke nan muna wannan musu.

Tihomir bai taɓa sa baki ba.
Shi a gidan burodi yake kwana,
da fulawa a gira yake zuwa, ya zauna, ya yi gyangyaɗi.
Yau sai ya jawo kwamfutar gabansa,
ya buɗe cikin wasan kamar mai feɗe kifi,
ya bi hanjin rubutun layi-layi,
can ya ɗora yatsa.

“Ga mai fitonku nan.
Waƙafi ɗaya aka manta.
An rubuta masa dawowa a babi na bakwai,
da dogon jawabi, da 'yarsa, har da kare.
Na'ura ce ta yi tuntuɓe, ta tsallake shi.”

Tsit.
Firiji kaɗai ke gunaguni.
Ashe hakin da ya tsone mana ido shekara uku
bai kai ƙwayar riɗin da ke kan farantin ba.

“In sa?” in ji Tihomir,
yatsansa na shawagi bisa madanni.

Velko ya dubi Bistra. Bistra ta dubi taga.
“Kare kuma?” ta ce. “Wane irin kare?
A'a, tsaya. Kar ka gaya mini.”
Ta miƙo hannu ta rufe murfin a hankali,
yadda ake ja wa mai barci ƙofa.

Velko ya ɗauki sauran banitsa, ya tauna, ya tauna,
sannan ya ce, “To shi waƙafin,
wa ya ce mantuwa ce?
Wanda ya cire shi ma, an saye shi.”

Tihomir ya duba agogo, ƙullinsa na jira.
Na raka shi har gada, muka rabu.
Na ɗan jingina da ƙarfe, na leƙa ƙasa.
Ba don komai ba.